Rigar Batir

Ƙunar ba ta fi kan babban yatsa girma ba. Ranar Talata na same ta, a jikin kushin ɗin doguwar kujera, daidai inda nake kwantar da ƴata in za ta yi barcin rana. Yadin ya narke ya yi baƙi, soson ciki ya lotsa, bakin ramin ya yi tauri kamar ƙanzo. Ba don na ga zif ɗin kushin ɗin yana kallon gaba ba, da ban gan ta ba. Ni ce mai gyara kujerar nan kullum, kuma zif baya yake kallo. Wani ne ya juya shi, ya kife ƙunar a ƙasa.

Na kai hanci. Ba warin ashana ba ne, ba na sigari ba. Ƙauri ne mai zaƙi-zaƙi, kamar an manta sukari a kan wuta. Na san ƙamshin da ya haifi wannan ƙaurin.

Wata uku ke nan da ƙanin mijina ya samu aiki a wani shagon aski da ke bayan layinmu, ya dawo ɗakin baƙinmu da zama. Mu huɗu ne a gidan, a hawa na biyu: ni, da maigidan, da shi, da ƴarmu Tsigi. Shekararta biyu da wata huɗu, kuma ba abin da hannunta zai taɓa bai ziyarci bakinta ba. Shi kuwa ƙanin mijin nawa Injiniya muke ce masa, ba don ya karanta ba, sai don abin da ya zo mana da shi.

Sigarin lantarki ne, amma ba irin na robar nan da ake ratayewa a kanti ba. Nasa bututun jan ƙarfe ne mai nauyi, tsawon tafin hannu. Ba allo, ba fitila. Batir ɗaya ake zura masa, mai kama da na tocila. Maɓallinsa a gindi yake, da wani zobe da ake murɗawa a kulle shi. A sama akwai ɗan kai, inda Injiniya yake naɗa siririyar waya da hannunsa, ya cusa auduga, ya ɗiga wani ruwa mai danƙo. In ya danna, wayar ta yi ja, hayaƙi ya tashi kamar an buɗe tukunya.

"Wannan ba ruwansa da kwamfuta, Matar Yaya," ya ce min ranar da ya zo, yana shafa shi kamar ɗan da ya haifa. "Daga batir sai waya. Babu mai shiga tsakani."

"To, ni zan shiga," na ce. "A baranda kawai. Ban da falo, ban da kusa da yarinya."

Ya ce ya ji ya gani.

Da yamma, da aka zauna cin abinci, na ɗauko kushin ɗin na ɗora a kan tebur tsakanin kwanuka, ƙunar tana kallon sama.

"Wa ya yi wannan?"

Maigidan ya kalli ramin, ya kalli ƙaninsa. Injiniya ya ajiye cokali.

"Wallahi ban sha a falo ba. Da na dawo da rana ajiye shi kawai na yi, na shiga wanke hannu. Ina fitowa na ji yana ƙara shi kaɗai."

"Shi kaɗai."

"Shi kaɗai, Matar Yaya. Kuma a kulle yake. Da hannuna na murɗa zoben."

"Aljani ne ya danna ke nan. Shi ne kuma ya juya kushin?"

Ya sosa ƙeya. "Wannan ni ne. Bakinki na ji tsoro."

"Ina Tsigi take lokacin?"

"Tana kicin wajenki."

"Da an ƙara minti goma fa? A nan nake kwantar da ita. Nan ɗin nan kumatunta yake kwanciya."

Tsigi ta ji sunanta, ta ɗaga hannu cike da abinci tana miƙa wa baffanta. Bai karɓa ba.

"Ni baturan nan nake zargi," ya ce. "Jabu aka sayar min. Ko lambar da nake rubuta musu da alƙalami ba ta zama, kwana biyu ta goge."

Na ce a raina, lallai, tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Ana zancen wuta a wurin kwanan yarinya, shi yana zancen lamba.

Da muka shiga ɗaki maigidan ya rage murya. "Shekara bakwai yana zuƙar sigari. Tsohuwarmu ta yi kuka har ta gaji. Abin nan ne ya raba shi da ita. Ki bar ni zan yi masa magana."

"Magana ba ta kashe wuta, Abban Tsigi."

"Ke dai tun da ya zo kike masa kallon ɓarawo."

Ban musa ba.

Gaskiya ce, kuma ina da dalilina. Sati biyu da zuwansa na nemi Tsigi na rasa, sai na same ta a ɗakinsa tsaye a gaban ɗan teburinsa, tana lasar yatsu. Ruwan nan nasa ya zuba ya bushe a kan komai: kwalabe, almakashi, abin caji, har batura biyun da yake bari a gida in ya fita da na uku. Kiyashi sun ja layi tun daga taga. Na wanke mata baki sau uku, na wuni ina leƙa idonta. Na yi masa faɗa, ya ɗora kwalaben a saman wardirob, amma sauran tarkacen suna nan, suna nan da danƙonsu.

Tun daga ranar, da ya fita ƙarfe tara, sai in shiga. Ban taɓa kai ruwa teburin nan ba. Tun ina yarinya na san ruwa da lantarki ba sa ga maciji, kuma ina alfahari da na san hakan. Da busasshen tsumma nake bi, inda danƙon ya ƙi fita in sa sabon soson ƙarfe busasshe, in bi komai ɗaya bayan ɗaya har ya daina kama hannu, in mayar da shi daidai inda na ɗauke shi. Ba zan ɓoye ba, sharar tana ba ni damar leƙe-leƙe. Nakan buɗe kwalaben in sansana. Nakan duba aljihun wandunansa. Maƙwabciyata ta taɓa ce min samarin yanzu ba abin da ba sa zubawa a cikin irin ruwan nan, maganar ta zauna min a ƙirji. Ban taɓa samun komai ba, rashin samun kuma bai kwantar min da hankali ba. Na ɗauka ya iya ɓoyo ne.

Ranar Alhamis na samu. A ƙarƙashin katifarsa, farar rigar aikinsa ce a dunƙule. Aljihun ƙirji ya ƙone ya yi ruwan ƙasa, da rami a ƙasansa. Warin nan dai.

Na zauna a bakin gadon da rigar a cinyata. A aljihun nan yake saka bututun. A kan ƙirjin nan kuma Tsigi take hawa kullum in ya dawo, ta kwanta tana wasa da gemunsa. Sau biyu ke nan a sati ɗaya, kuma sau biyun ɓoyewa ya yi. Na ce ko dai yana ƙara wa abin ƙarfi ne da naɗe-naɗensa, ko kuma abin da yake sha ya fara taɓa masa kai, har bai san ya kulle ko bai kulle ba. In na kai wa maigidan rigar, zai ce zai yi magana. Ina buƙatar bakin wanda ya san aikin, wanda ba ɗan'uwan kowa ba.

Ranar Asabar maigidan yana gida. Injiniya ya fita shago, na shiga ɗakinsa. Ranar ya yi ɓarin da ya fi na kullum, baturan biyu sun yi kaca-kaca har wuya, wani ɗan farin zobe da ke zagaye da kansu ya cika da datti. Na murje su tas, na sa bakin soso na ƙwaƙule wuyan. Na ajiye ɗaya a wurinsa. Ɗayan na zura shi a safar Tsigi don kada a gani, na jefa a jaka.

"Zan shiga kasuwa," na ce wa maigidan. "Kafin sha biyu na dawo. Kada ka bar ta da kowa."

"Kowa wa? Gidan nan mutum nawa ne?"

"Ka dai ji ni."

Akwai wani tsoho mai gyaran fanka da tocila a ƙarƙashin matakalar wani dogon gini a kasuwa. Shi ya taɓa tayar min da fankar caji bayan kowa ya ce in yar. Wurinsa bai fi faɗin tabarma biyu ba, fankoki marasa kai a rataye, rediyoyi a buɗe kamar an yi musu fiɗa, warin dalma da ƙura. Na tarar da mutum uku a gabana, kuma Baba ba a yi masa gaggawa. Sai da sha biyu ta wuce kafin ya ɗago ya dube ni ta saman tabaransa da ya ɗaure ƙafarsa ɗaya da waya.

"Ƴata, fankar ce kuma?"

Na zazzage safar a kan teburinsa.

"Na tocila ne?"

"Na sigari ne, Baba."

"Af. Na masu hayaƙi. Suna kawo min ina canza musu riga." Ya ɗaga shi wajen haske, yana juya shi a hankali. Sai ya daina juyawa. Ya dubi jakata. "Akwai makullai a ciki?"

"Akwai."

"Ki gode wa safar nan."

Na fara zayyana masa: kushin, riga, rantsuwar wai a kulle yake. Na ce ina so ya gaya min gaskiya, ko yaron ya yi wa abin wani haɗi ne da ya fi ƙarfinsa. Ya bar ni na gama, sannan ya jawo mitarsa mai allura da igiyoyi biyu, ja da baƙa.

"Zo kusa. Kin ga ɗan kan nan? Ƙofa ɗaya ke nan. Mutane suna ɗauka gindi ne kawai ƙofa ta biyu. A'a. Duk jikin nan, daga wuya har ƙasa, ƙofa ta biyu ce. Ƙarfe ne tsirara. Robar nan da kike gani kamar ledar alawa, ita ce rigarsa, ita kaɗai ce take raba shi da duniya."

Ya ɗora jar igiya a kai, ya ɗora baƙar a gefe, a kan robar. Allura ba ta motsa ba. Ya ɗan matsar da ita zuwa wani wuri da launin ya koɗe, ƙarfe yana leƙowa. Allurar ta yi tsalle.

"Kin gani? Nan bai kamata ya yi magana ba. A zura wannan a bututun ƙarfe, jikinsa ya taɓa bango, wuta ta samu hanya ke nan. Ba ruwanta da maɓalli. Ya kulle sau goma, abin zai kama da kansa."

Na dubi allurar. "Kana nufin zai iya yiwuwa ya kulle ɗin?"

"Zai iya. Irin nasu ɗin nan ba shi da mai rabon faɗa a ciki. Na zamani in abu ya lalace suna ɗauke wuta da kansu. Wannan kuwa sai abin da Allah ya yi. Amma gefe da sauƙi, wayar da ke kan bututun ce kawai za ta yi ta ci. Wuya ne abin tsoro. Nan ƙofofin biyu suke maƙwabtaka, farin zoben nan ne katangarsu. In suka haɗu, wuta ta yanke hanya ke nan, ba ta bi ta ko'ina ba. Kafin ki ƙirga goma ya fi ƙarfin hannu. Sai huci, sai tartsatsi. A cikin bututu kuma hucin ba shi da wurin fita sai ɗan rami." Ya ɗauko gilashin ƙara girma. "Abin da ban gane ba, wa yake kankare shi haka?"

"Shi mana, Baba. Kullum cikin kwancewa da ɗaurewa yake."

Ya girgiza kai. "Shiga da fita layi take yi, a tsaye, ɗaya ko biyu. Wannan zagaye ne. Dubi. Kamar gindin tukunyar da ta sha wanki."

Ban duba ba. Ina kallon hannunsa ne. Ya ɗauki ɗan hantsaki, ya kai wuyan batirin, ya zaro wani abu daga ƙarƙashin farin zoben da ya riga ya tsage. Ya ce in buɗe hannu. Ya ajiye min shi a tafi.

Silin ƙarfe ne, siriri, a lanƙwashe, yana ƙyalli. Ina tsintar irinsa a kwamin wanke-wanke kullum.

Lambar da ba ta zama. Ɗan ɗumin da na taɓa ji a yatsuna wata safiya ina gogewa, na ce gogayya ce. Wata biyu da rabi ina shiga ɗakin nan ina neman mai laifi.

"Ƴata? Lafiya?"

"Baba, akwai wani a gida. Na fi murje shi a kan wannan. Da rana in ya dawo yake canza batir."

Ya dubi agogon da ke rataye tsakanin fankoki. Sha biyu da rabi ta gota.

"Bar wannan a nan," ya ce. "Tafi."

Ina sauka bakin titi na kira maigidan. Ya ɗauka, da ƙarar motoci a bayansa.

"Kana ina?"

"Gas ne ya ƙare, na fito sawa. Yanzu zan koma."

"Tsigi fa?"

"Tana wajen baffanta, ya dawo. Kada ki fara, minti ashirin ne kawai."

"Ka kira shi ka ce kada ya taɓa batirin da ke kan tebur! Kada ya taɓa!"

Na kashe na kira Injiniya da kaina. Ta yi ƙara sau ɗaya aka katse. Na sake, aka katse. Na san wannan katsewar. In ya ba Tsigi wayarsa tana kallon ƴan tsana, duk kiran da ya shigo da yatsa ɗaya take kore shi, ni na sha dariyar abin a da. Na tare tasi, na ce wa direban yarinyata ce, ya dube ni ta madubi bai tambayi komai ba. A mahaɗar da ke kusa da mu motoci suka tsaya cak. Na miƙa masa kuɗin da na laluba a jaka, na fita, na cire takalma na riƙe.

Ban san yadda na hau matakalar ba. Ƙofar a buɗe take.

Yana zaune a ƙasa a falo, ya jingina da doguwar kujera. Tsigi tana tsakanin ƙafafunsa, ta jingina da cikinsa, wayar a hannunta. Bututun yana hannunsa daidai saman kanta. Tsohon batirin yana kan kafet. Sabon ya riga ya shiga, yana murɗa marfin gindi.

"Kada ka ɗaure!"

Ya ɗago, fuskarsa ta canza irin ta wanda ya gaji da zargi. "Haba, Matar Yaya. Ba sha zan yi ba, canzawa kawai nake. Ga shi ma a kulle."

Yana maganar hannunsa ya ƙarasa murɗawar.

Ban ji ƙarar komai ba da farko. Fuskarsa na gani. Na fizgi Tsigi ta hannu ɗaya, wayar ta faɗi, ta tsala ihu. Ya yi ƙoƙarin kwance marfin, ya ce "Wash!", ya sauya hannu, ya sake gwadawa.

"Bar shi! Jefa shi baranda! Wuyan ne ya haɗu!"

Ya miƙe da gudu, ya bangaje ƙofar baranda da kafaɗa, ya wurga shi kan siminti, ya jawo ƙofar. Ni kuma na yi waje da yarinya. Ina kan matakala na ji shi: wani dogon huci kamar an huda taya, sannan wani abu ya bugi bango da ƙarfi. Wari mai kama maƙogwaro ya biyo mu.

Sai ga maigidan yana hawowa, tukunyar gas a kafaɗa.

"Koma ƙasa da ita!" na ce. "Koma!"

Tun da muka yi aure ban taɓa ganin ya bi maganata da sauri irin na ranar ba.

Da hayaƙin ya lafa muka leƙa. Bangon baranda ya yi baƙi kamar an haɗa murhu a wurin. Igiyar shanya ta narke ta tsinke, ƴan rigunan Tsigi biyu suna ƙasa. Bututun yana kwance a lungu, marfinsa a wani lungun. Ba wanda ya taɓa shi sai da ya yi awa.

Injiniya yana kicin, hannunsa a ƙarƙashin famfo. Yatsu uku da tafin hannun dama sun tashi. Hannun da yake riƙe abin aski da shi. Na zaunar da Tsigi a kan kantar kicin na tuɓe ta, na duba ta daga kai har tafin ƙafa, na sake dubawa. Ba komai sai jan yatsuna a damtsenta inda na fizge ta.

Maigidan ya tsaya a bakin ƙofa.

"A kan ƴata? A saman kanta? Matata ta faɗa, na ce ƙanina ne. Ta sake faɗa, na ce ƙanina ne. Ka gama da famfon nan ka haɗa kayanka."

Injiniya bai juyo ba. "To, Yaya."

Abin da na yi wata uku ina nema ke nan. Ba bututu, ba kwalabe, ba danƙo, ɗakin baƙi ya koma ɗakin baƙi. Kuma ba wanda ya sani sai wani tsoho a ƙarƙashin matakala. Sai na tuna cewa in ya tafi bai san abin da ya faru ba, sabon batir zai saya, ya ci gaba da zura shi ba dubawa, a wani gidan, kusa da wani yaron. Na buɗe hannuna na hagu. Silin yana nan, ya shata min tafi saboda matsa.

"Abban Tsigi, tsaya. A kulle yake. Ranar Talata ma a kulle yake."

Na ajiye silin a kan kantar kicin, na ɗauko soson daga inda nake ɓoye shi a bayan kwandon albasa, na ajiye kusa da shi. Na faɗi komai yadda Baba ya faɗa min: ƙofa biyu, riga, farin zobe. Na faɗi tun yaushe nake shiga ɗakin. Har aljihun wanduna na faɗa.



"Da soson tukunya?" Injiniya ya ce a hankali. "Matar Yaya, baturana kike wankewa da soson tukunya?"

"Ban sa ruwa ba."

Ya fara dariya, zafin hannun ya katse shi, ya sake farawa. Maigidan bai yi dariya ba. Yana kallona kamar yau ya fara ganina.

"Kada ka yi saurin washe baki," na ce wa Injiniya. "Kai mai abin ne. Kullum kana zura shi da hannunka, ba ka ga rigar ta koɗe ba?"

Dariyar ta tsaya. "Na gani. Na ce sai ƙarshen wata in canza."

"Ka juya kushin. Ka tura riga ƙarƙashin katifa. Da ranar farko ka kawo min batirin ka ce ga abin da yake yi, da mun gano."

"Da kin ce ƙarya nake."

Tsigi ta miƙa hannu za ta ɗauki silin, mu uku muka yi kanta lokaci ɗaya.

Bai haɗa kayan ba. Sati biyu bai riƙe abin aski ba, ni nake canza masa bandeji safe da yamma, yana ce min Likita Soso. Na ɗauka zai rabu da hayaƙin gaba ɗaya, bai rabu ba. Ya dai sayi irin wanda yake ɗauke wuta da kansa. Muka je wajen Baba tare, muka kai masa tsohon batirin da ya rage da gawar wanda ya ƙone, ya ce shi ya san inda ake kai su, ba kwandon shara ba. Ya ba mu wani ɗan akwatin roba mai gida biyu, kowane batir da ɗakinsa. Akwatin yana cikin durowar sama, makullin yana hannun Injiniya. Teburinsa shi yake gogewa yanzu, ni kuma ina tsaye a bakin ƙofa har ya gama.

Kullum da rana, kafin ya canza batir, sai ya kawo min shi bakin taga. In juya shi a haske, in bi rigar da farce daga gindi har wuya, in duba farin zoben.

"Sufeto ta amince?"

"Jeka baranda. Ka ja ƙofar."

Kushin ɗin ban ɗinke shi ba. Na dai mayar da shi ɗaya gefen kujerar, ƙunar a sama inda idona zai riƙa ganin ta. Tsigi takan je ta zura yatsa a ramin, ta zaro da sauri ta ce, "Fuu!" In ta yi barci kuma, kafin in kwantar da ita, har yanzu sai na ɗaga kowane kushin na duba ƙarƙashinsa.